ELM327 da masaurarin inji: wanne ne ke kama ƙarar da ke fitowa in an taka totur?

Ƙarar da ba ta fitowa sai an taka totur tana da wuyar sha'ani. Mota na tsaye, inji na aiki a silo lafiya lau, ka buɗe bonet ka kasa kunne, babu komai. Ka hau titi, ka zo hawa ko ka yi niyyar wuce wata mota, sai ka ji ƙwar-ƙwar-ƙwar daga gaba, kana ɗaga ƙafa ta ɗauke. Kayan aiki biyu masu araha ne aka fi saya don farautar irin wannan ƙara. Na farko ita ce ƙaramar na'urar ELM327 da ake soka wa mota a haɗa ta da waya. Na biyu shi ne masaurarin inji, abin nan mai kama da wanda likita ke ɗora wa a ƙirji, amma da dogon tsinken ƙarfe a bakinsa. Gaskiyar da masu talla ba sa faɗa ita ce ELM327 kurma ce, ba ta jin ƙara ko kaɗan. Abin da take yi shi ne gaya maka halin da inji ke ciki a daidai lokacin da ƙarar ta fito. Masaurari kuwa yana ji sarai, amma ba ya bin ka kan titi.

Ita ELM327 ɗin

Sunan asalinsa na wani ɗan guntun ƙwaƙwalwar lantarki ne da kamfanin ELM Electronics na Kanada ya ƙera, wanda ke tafinta tsakanin kwamfutar mota da waya. Ana soka na'urar a soket ɗin OBD-II, wato ƙofar da ake bi a karanta kwamfutar mota, mai ramuka 16, wanda yawanci yake ƙarƙashin sitiyari. Soket ɗin ya zama dole a motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, a Tarayyar Turai kuma tun 2001 ga masu fetur da 2004 ga masu dizal. Motar da ta girmi waɗannan shekaru sai an duba tukuna.

Kusan duk abin da ke kasuwa da wannan suna kwaikwayo ne. Shi kamfanin na asali ya rufe a 2022, kuma bai taɓa fitar da samfurin "v1.5" da ake gani rubuce a jikin da yawa daga cikinsu ba. Wannan ba ya nufin dukkansu na banza ne. Wasu suna aiki yadda ya kamata, wasu kuma an rage musu kayan ciki har ba sa iya magana da tsofaffin motoci masu amfani da tsofaffin hanyoyin sadarwar kwamfutar mota da ake kira layin K ko J1850, sai masu sabuwar hanyar CAN kaɗai. Guda biyu masu kwali iri ɗaya da launi iri ɗaya suna iya bambanta a ciki kamar dare da rana. Araha ba ta ado, don haka a saya a inda za a iya mayarwa. Mai iPhone ya lura cewa masu tsohon Bluetooth ba sa haɗuwa da wayarsa, sai mai WiFi ko mai Bluetooth LE. Manhajojin da aka fi haɗa ta da su sun haɗa da Torque da Car Scanner da OBD Fusion.

Abu na farko da za a yi bayan an haɗa shi ne karanta lambobin matsala, har da masu jiran tabbaci waɗanda ba su kai ga kunna wutar cek ba. Kada a goge komai. Kuskuren da sababbin masu saye suka fi yi ke nan: su ga maɓallin gogewa su danna, wuta ta mutu, su ɗauka sun yi gyara. Gogewar tana tafiya da hoton da kwamfuta ta ɗauka lokacin da matsalar ta faru, wato gudun inji da zafinsa da nauyin da ke kansa a wannan daƙiƙar, kuma wannan hoton ya fi lambar kanta amfani. Lambobin da suka shafi ƙararmu ba su da yawa. P0325 tana nuni ga layin sensar noki, wato 'yar na'urar da ke jin girgizar fashewar mai ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda. P0300 zuwa P0312 tsallaken wuta ne, wato silinda na kasa kama wuta, lambar ƙarshe kuma ita ce silindar da ke laifi, P0302 ta biyu ke nan. P0171 na cewa iska ta fi mai yawa. P0401 na cewa hanyar EGR, wadda ke mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji, ta toshe. P0011 da P0016 suna kai ka ga taimin, P0420 kuma ga katalis, tukunyar nan da ke tace hayaƙi a hanyar salansa.

Inda ta ci kuɗinta: nokin wuta

Akwai ƙara guda wadda masaurari ba zai taɓa kamawa a silo ba, kuma a nan ne ELM327 ke nuna amfaninta. Ita ce nokin wuta, ƙara siririya mai kaifi kamar ana kaɗa tsakuwoyi cikin gwangwani, wadda ke fitowa in inji ya yi zafi, giya tana sama, gudun inji na ƙasa, aka kuma danna totur. A ƙa'ida fulogi ne ke kunna wuta, ta bazu a hankali ta cinye mai da iskar da ke cikin silinda. In zafi da matsi suka yi yawa, ragowar da wutar ba ta kai gare shi ba tukuna sai ya fashe da kansa. Girgizar fashewar ce ke dukan bangon silinda da kan fistin, ita kake ji. Ɗan kaɗan na daƙiƙa ɗaya ba ya kashe inji. Mai ƙarfi da ya daɗe yana fasa gefen fistin inda ringi ke zaune, yana ƙona gasket, yana kuma cin metal, wato ɓawon ƙarfen da kuransha ke juyawa a cikinsa.

Ga yadda ake gwajin. Mutum biyu ake so, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da waya. A zaɓi abubuwa biyar ko shida kawai a allo: gudun inji, nauyin da ke kan inji, taimin wuta (lokacin da fulogi ke kunna wuta, da digiri ake auna shi), zafin ruwa, da gyaran mai (yadda kwamfuta ke ƙara ko rage man da take ba inji) na gajeren zango da na dogon zango. Dalilin taƙaitawar shi ne na'urar tana tambayar kwamfuta abu ɗaya bayan ɗaya ne. A tsohuwar mota mai layin K amsoshi 'yan kaɗan take samu a daƙiƙa, in ka cika allo da ma'auni ashirin, kowanne sai ya daɗe kafin ya sabunta, nokin kuma ya zo ya wuce ba ka gani ba. A kunna ajiyar bayanai. Bayan inji ya yi zafi, a sami hawa mara cunkoso, a sa giya ta huɗu, gudun inji tsakanin zagaye 1500 da 2000 a minti, a danna totur a hankali har ƙarar ta fito, sannan a ɗaga ƙafa. Ba a riƙe ta.

Abin dubawa shi ne taimin. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin taimin dama yana sauka in nauyi ya ƙaru, haka aka tsara shi. Sauka mai santsi ba shaida ba ce. Shaidar ita ce sauka ta farat ɗaya, digiri uku ko biyar a lokaci guda alhali ƙafa ba ta motsa ba, sannan ya riƙa hawa a hankali, ya sake faɗowa, layin ya zama kamar haƙoran zarto. Wannan kwamfuta ce ke jin nokin ta sensa tana janye wuta. In kuwa kunne na jin noki ƙarara amma taimin bai ko gezau ba, ko dai sensar ba ta ji, ko kuma ƙarar ba nokin wuta ba ce. Sensar noki tana da tsantseni wajen ɗauri: da yawa kusan Nm 20 (ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti) ake ɗaure su, in an matse fiye da kima ko an bar ta sako-sako, jinta ya canza.

Wani giɓi a nan: ainihin ma'aunin yawan digirin da kwamfuta ta janye saboda noki ba ya cikin bayanan gama-gari na OBD-II. Kowane kamfanin mota da nasa. Wasu manhajoji suna da shi ga wasu motoci, ga sauran kuwa sai dai a yi ta karanta haƙoran zarto.

In an tabbatar nokin wuta ne, sauran ma'aunan su ne za su faɗi dalili. Zafin ruwa a yawancin injuna yana zama tsakanin digiri 85 da 105. Allurar da ke gaban direba ba abin dogaro ba ce, an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko da zafin ya yi ta hawa da sauka, don haka inji na iya yin zafi fiye da kima a hawa ita tana nan daram. Gyaran mai kuma, a haɗa na gajere da na dogo: in jimillar ta wuce +10 cikin ɗari, mai ya yi wa inji kaɗan, cakuɗi mai ƙarancin mai kuwa yana kawo zafi da noki. In adadin ya yi yawa a silo ya sauka a 2500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, a nemi tsagaggen tiyo ko gasket ɗin manifol. In yana daidai a silo ya hau da nauyi, a duba famfon mai da filta da sensar iska mai datti. A karanta shi da rabin totur, domin in aka danne har ƙasa kwamfuta tana daina sauraren sensar iskar salansa, adadin ya tsaya cik.

In duk waɗannan lafiya suke, saura abu uku: okten ɗin fetur (ma'aunin juriyarsa ga noki), baƙin gawayin da ya taru a kan fistin, da fulogin da ba na motar ba. Gwajin okten shi ne mafi sauƙi. A bari tanki ya kusa ƙarewa, a zuba mai okten ɗin da littafin mota ya ce ko wanda ya fi shi, a koma hawan nan. A lura cewa ma'aunin ba ɗaya ba ne a ko'ina: 87 da ake rubutawa a famfunan Amurka ya yi kusan 91 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a wasu ƙasashe. Ƙananan injuna masu turbo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da nasu ciwon daban, inda wuta ke kamawa tun kafin fulogi ya kunna in aka danne su a ƙaramin gudu, duka ɗaya mai ƙarfi kuma na iya fasa fistin. Saboda shi aka fito da ma'aunin baƙin mai na API SN Plus a 2018 da SP a 2020. Mai irin wannan inji ya duba galan ɗin da ake juye masa.

Mai dizal kuwa, wannan sashen kusan duk ba nasa ba ne. Injinsa ba shi da fulogi, kuma da 'yar ƙararsa aka haife shi.

Abin da ba ta gani

Da yawa daga cikin ƙararrakin da ake kawowa da sunan "inji na ƙara" ba daga cikin inji suke ba, kuma kwamfutar mota ba ta san da su ba. Gaba-gaba akwai garkuwar zafi, siririn farantin nan da ke rufe manifol da katalis da bututun salansa. Tsatsa tana cin gefen ramin noti, farantin ya saki, ya riƙa kaɗawa kacar-kacar a wani gudu na musamman. Alamarsa ita ce ba ya buƙatar nauyi: a firi, a ɗaga gudun inji a hankali daga 1000 zuwa 3000, za a ji ya fito a wani wuri ya ɓace in an wuce. Babu wata lamba da za ta fito. Gudumar roba ce maganinsa. A bari salansa ya huce, a bi shi daga gaba zuwa baya ana bubbugawa, inda ya amsa da kacar nan ne. Babban washa a kan notin ko maɗaurin tiyo na ƙarfe mara tsatsa ya isa gyara. Kada a cire shi a jefar, katalis na kai digiri ɗaruruwa, farantin ne ke kare ƙasan mota da tiyoyin mai.

In an bugi katalis ɗin kansa aka ji abu na zuba a ciki kamar fasasshen tangaram, saƙar da ke cikinsa ta farfashe. Wani lokaci P0420 na biye da shi, wani lokaci babu. Guntayen suna iya juyawa su toshe hanya, mota ta riƙa shaƙewa a hawa. Kafin a sa sabo a nemi abin da ya kashe tsohon, galibi tsallaken wuta ne da ke tura ɗanyen fetur cikinsa.

Sai kujerar inji. In robarta ta yage, inji yana ɗagawa in an taka totur, bututun salansa ko wani ƙarfe ya taɓa jikin mota. A mota mai otomatik, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyi, a danne birki, a sa D, a ɗan taɓa totur na daƙiƙa biyu ko uku, wani na kallo daga gefe. Daga gefe, ba daga gaba ba. A maimaita a R. Ɗan motsi ba laifi, amma injin da ya yi tsalle ya dawo da gwaf, kujerarsa ta tafi. Wannan gwajin yakan fito da nokin wuta ma a tsaye, sai dai kada a wuce daƙiƙa biyar, man giya na saurin zafi.

Masaurari

Abu ne mai sauƙi: tsinken ƙarfe, wani ɗan faifai da ke ƙara sauti, da tiyo biyu zuwa kunne. Babu batir, babu manhaja. Masu araha tiyonsu kan ƙage da sanyi, abin toshe kunnen kuma yana da tauri, amma sauti suna kawo shi daidai gwargwado. Dogon sukudireba da aka jingina ƙotarsa a kunne yana yin kusan aikin, illarsa ita ce yana kai kanka kusa da bel.

Wanda bai saba ba, duk inda ya ɗora tsinken zai ji kamar inji zai tarwatse, domin ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi ko'ina. Dabarar ita ce kwatance. A saurari silinda ta ɗaya, a saurari ta biyu a daidai irin wurin, a nemi wadda ta fita daban. Cak-cak ɗin nozul lafiya ce, haka ma na famfon mai mai matsi a injin da ke fesawa kai tsaye. Kuma a sa tsinken a wurinsa a hankali, in ya bugi ƙarfe yana kunnenka za ka ji a jikinka.

Saurin ƙarar yana faɗin gidanta. Kamsha tana juyawa rabin gudun kuransha. A silo na 750, kuransha na zagaye 12 da rabi a daƙiƙa, kamsha kuwa shida da kwata. Tak-tak mai sauƙi da ta fi ƙarfi a murfin bawul, tapet ne ko abin da ke kusa da shi. Shar-shar ko kacar-kacar a murfin gaba, musamman na daƙiƙa biyu ko uku in an tada inji da sanyi, sarƙar taimin ce ta miƙe ko abin da ke ɗame ta ya gaji. A nan kayan biyu suna haɗuwa da kyau, domin P0016 tare da ƙara a murfin gaba kusan hukunci ne. Amma a fara da sandar awon baƙin mai, tunda abin ɗamewar da na'urar sauya taimin duk da matsin mai suke aiki, ƙarancin mai ko mai da ya yi kauri da datti yana sa su ƙara ko da lafiyarsu ƙalau.

Ga na'urorin da bel ke juyawa, a ɗora tsinken a jikin altaneta, da kwamfuresar esi, da kan notin da ke tsakiyar fulin ɗame bel. Boris da ya mutu yana gurnani. In ana shakka, a zana hanyar bel ɗin a takarda, a cire shi, a tada inji da sanyi na ƙasa da minti ɗaya. Ƙara ta ɗauke, laifin yana cikin waɗannan. Ba a daɗewa domin caji ya tsaya, a motoci da yawa famfon ruwa ma ya tsaya. A naɗe hannun riga, a tuna kuma fankar lantarki tana tashi da kanta ba sallama. In aka zare tsinken aka bar bakin tiyo a buɗe, masaurarin ya koma abin neman yoyon iska: a bi da shi gefen manifol ɗin salansa, inda ke huci fis-fis, galibi da baƙin hayaƙi a wurin, can ne gasket ya ƙone ko noti ya karye. Irin wannan ƙarar tana ƙaruwa da totur, tana raguwa in ƙarfe ya yi zafi ya buɗe ya toshe tsagar.

Babban rauninsa dai shi ne wanda muka faɗa tun farko, ba a shiga ƙarƙashin bonet mota na gudu. Akwai na lantarki irin su ChassisEAR na Steelman, masu matsai da ake maƙalawa a wurare daban-daban a saurare su ɗaya bayan ɗaya ana tafiya. Ga gareji sun cancanci kuɗinsu. Ga mai mota ɗaya da ƙara ɗaya, sun yi yawa.

Ƙarar da ba a gwaji da ita

Duka mai nauyi, dum-dum ko gwaf-gwaf daga ƙasan inji kusa da kaskon mai, wanda ke ƙaruwa in inji ya yi zafi, ya kuma fi fitowa in an ɗan taɓa totur an saki, metal ne sai an tabbatar ba shi ba ne. Da irin wannan ba a zuwa hawa a giya ta huɗu. A tsaye ake gwada shi: a cire soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya, silindar da aka kashe ƙarar ta ragu ita ce mai ciwon. Nozul ake cirewa ba kwil ba, don kada ɗanyen fetur ya tafi katalis. Gwajin zai bar lambobin matsala, waɗannan kam a goge su bayan an gama. Ƙarar da ke fitowa da sanyi ta ɓace in inji ya ɗumama, fistin ne ke ɗan wasa a silinda, inji na iya daɗewa da ita. Tsagaggen farantin da ke haɗa inji da giyar otomatik shi ma yana kwaikwayon metal sosai, bambancin shi ne ƙararsa na can baya wajen giya kuma tana sauyawa in an sa D.

A nan ELM327 ba ta da abin cewa. Yawancin motoci ba sa aiko da matsin baƙin mai ta OBD-II, makunni kawai gare su da ke kunna jar wuta in matsin ya faɗi ƙasa ƙwarai, wajen psi 5 zuwa 7 (psi ma'aunin matsi ne), lokacin da ɓarna ta riga ta fara. Sai an kwance makunnin an ɗaura ma'aunin matsi na allura. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ita ce kusan psi 10 ga kowane 1000 na gudun inji, inji yana da zafi, amma adadin da ke littafin motar shi ne alƙali. A juye man a faranti mai tsabta a duba shi a rana, a kuma yanka filta a buɗe takardarta. Ƙyalƙyali mai launin tagulla ko azurfa ya gama magana.

Wani abu na ƙarshe game da na'urar: rami na 16 na soket ɗin yana da wuta kullum ko an zare makulli, kuma masu arahar da yawa ba sa barci. In aka bar ta a soke mota ta yi kwanaki a ajiye, tana iya shanye batir. Yawancinsu kuma lambar haɗinsu 1234 ce ko 0000, wanda ke tsaye kusa da motar zai iya haɗa wayarsa da ita. In an gama gwaji a zare ta.